Masu injin tanin, wa katako ya taɓa kuɓuce wa?

Ɗan Jekadafari: Salam ƴan uwa kafintoci. Shekaranjiya na ɗaura wani gungumen maɗaci a injin tanin ɗina, wato injin da ke juya katako ana gurza shi ya zama zagaye, zan fitar da ƙafar tebur irin mai kaurin nan, ina kunnawa injin ya fara rawa kaman zai tashi sama, kafin in kai hannu suwici katakon ya ɓalle ya daki bango, wlh da yarona yana tsaye a gurin da yanzu wani zancen ake. Injin ƙirar gida ne, mai walda ya haɗa min, moto 1 hos, wato ƙarfin doki ɗaya. Dan Allah duk wanda irin haka ta taɓa samu ya faɗa mana yadda akayi, har yanzu gabana faɗuwa yake.

Baban Bolari: Subhanallahi, Allah ya ƙara tsarewa ɗana. Tambaya ɗaya zan maka, a wane fuli bel ɗinka yake, wato faifan nan da bel ke hawa ya juya injin? Don ni abinda ya same ni kenan shekarun baya, na gama gurzar ƙananan sandunan gado a gudun ƙarshe na manta ban mayar da bel ba na ɗaura babban icce. Moton da ke aiki da wutarmu yawanci wajen 1400 yake juyawa a minti, to in fulin da ke kan moto ya ninka na sama girma ai ka ninka gudun kenan, zaka iya kaiwa kusan 3000. Wannan gudun na siririn abu ne. Gungume wanda bai zama zagaye ba kar ya wuce 500 zuwa 600, kuma kafin ka kunna ka juya shi da hannu tukun ka ga bai taɓa majinginar cizal ba, wato ƙarfen da ake ɗora cizal a kai in ana gurza. Ni har gatari nake sawa in rage kusurwoyin nan huɗu ya koma takwas sannan in ɗaura.

Ɗan Jekadafari: Baba gsky fuli ɗaya ne kawai a nawa, ba canji.

Baban Bolari: To ga cutar nan. Je ka sa maka mai hawa uku ko huɗu.

Kafintan Wunti: Gaisuwa daga Bauchi. Nawa ba gudu bane, tsinin baya da ke tokare katakon ta ɗaya ƙarshen ne ya saki. Kirya nake gurza zan yi taɓarya, kun san taurinta, na ɗaure tun farko ban sake dubawa ba ashe ramin da tsinin ya shiga yana ta faɗaɗa, sai ji nayi sautin ya canja yana kaf kaf kaf, Allah ya taimake ni na kashe. Tun daga ranar duk bayan ƴan mintuna nake ƙara matse shi. Sannan mlm ka duba nauyin injin naka, irin na masu walda ɗin nan da angil ayan mara kauri basa zama, nawa sai da na kafe shi da noti a siminti na kuma jibga buhun yashi biyu a ƙasansa sannan rawar ta tsaya. Na ƙarfen zubi sun fi shi nesa ba kusa ba ko da moton nasu ƙarami ne.

Yaron shago, Pantami: Oga ni hannun riga ne ya kusa kai ni. Ranar juma'a na dawo masallaci da kaftani nace bari in ɗan goga samfefa kawai, ya naɗe hannun rigar har gwiwar hannu, sa'a bel ɗin ya yi sako-sako ya zame. Yanzu ko singileti ne gara in sa. Ogana kuma ya hana mu goga samfefa sai an cire majingina, yatsa na iya shiga tsakani.

Kafintan Wunti: Wani abu kuma, masu wasa tsohon magagari su mayar da shi cizal ku bari dan Allah. Na taɓa yi don cizal na gaske tsada, ƙarfen magagari tauri gare shi amma baya lanƙwasa karyewa yake, ya cije a ƙullin icce ya tsinke biyu guntun ya yanke ni a haɓa, tabon na nan.

Baban Bolari: Kuma ɗana ka duba iccen da kansa, da hunturun nan ɗanyen icce tsagewa yake daga baki, wani tsagin baka gani sai ka ƙwanƙwasa kaji sautin ya mutu. Irin wannan a murhu ya dace. In zaka kunna ka tsaya gefe, kar kai ko yaro ku tsaya saitin katakon har sai ya ɗauki gudu.

Ɗan Jekadafari: Na gode Baba, na gode ƴan uwa. Na koma na duba guntun, akwai tsagi ta gefen da haƙoran gaba masu juya katakon suka kama. Gobe in sha Allah zan kai moton a auna min fuli, Baba in na samo zan kawo maka Bolari ka gani kafin a ɗaura.