Muhawara: "Duk maus marar waya jabu ne"

Mai Kafe: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau dai sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wani maus da kibod marasa waya da ake sayarwa a kasuwannin nan jabu ne, kuma masu sayar da su sun sani. Na sayi saiti ɗaya, irin mai ɗan kan nan da ake sokawa a ramin USB. Ina tsakiyar buga wa ɗalibi furojet sai kibiya ta tsaya cak, ko in buga kalma rabi ya fito rabi ya maƙale, can kuma harafi ɗaya ya yi ta zuba shi kaɗai har ya cika layi. In na ɗan jira sai ya dawo kamar ba a yi ba. Na mayar wa yaron shagon, ya jona a laftof ɗinsa abu na aiki lafiya lau, har yana yi mini kallon maƙaryaci. Na sa sabon batir, duk kanwar ja ce. Wallahi ana cutarmu a ƙasar nan.

Alhajin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Malam ka iya bakinka. Jabu kuma? Tun kana makaranta nake sayar da kayan kwamfuta, ban taɓa ajiye jabu a shagona ba. Ka ce ka sayi mai araha, wannan na yarda.

Mai Kafe: Alhaji ai ba a wurinka na saya ba, ban kuma kama sunanka ba.

Bazazzagi: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhajin Kasuwa: Ka ce "duk", ka ce "masu sayar da su". To ni me nake sayarwa, gyaɗa? Bari in karantar da ku. Kaya iri uku ne. Akwai orijina, akwai kofi mai lamba ɗaya, akwai na talaka wanda ba shi da wani sanannen suna. Jabu shi ne a ɗauki sunan kamfani a liƙa wa abin da ba nasa ba. Wanda aka rubuta masa sunan da ba wanda ya taɓa ji, wa ya kwaikwaya da za a ce masa jabu? Ni nan da kuke gani ina zuwa birnin Guwanzu na ƙasar China da ƙafata, ba labari ake ba ni ba.

Lauyan Zaure: Alhaji da girmanka. "Kofi mai lamba ɗaya" ai shi ne jabun, wanka kawai ya sha. Da bakinka ka ce ana ɗaukar sunan kamfani a liƙa, to kofin sunan wa ke jikinsa?

Alhajin Kasuwa: In na gaya wa mai saye cewa kofi ne, ya gani ya biya, ina jabu a nan?

Lauyan Zaure: Gaya masa da ka yi ya fitar da kai daga yaudara, bai mayar da kayan na gaske ba.

Injiniya: Jama'a ku ɗan tsaya. Ya ce abin ya yi aiki a laftof ɗin yaron shago, wannan kaɗai ya isa a fara duba tasa kwamfutar. Mai Kafe, amsa mini abu uku. Ramin da ka soka ɗan kan, cikinsa shuɗi ne? Akwai filash ko wata ma'ajiya da ke soke kusa da shi? Ina kake ajiye MiFi ko wayar da kake ɗaukar intanet da ita?
Dalilin tambayar shi ne, waɗannan maus ɗin da kibod, har da Bluetooth da galibin Wi-Fi, duk a zangon rediyo ɗaya, wato 2.4 GHz, suke magana. Shi kuma ramin USB 3.0, wanda yawanci ake yi wa shuɗin ciki, idan yana ɗauke da filash ko ma'ajiya mai aiki, yana fitar da hayaniyar lantarki da ke faɗowa daidai cikin wannan zangon. Kamfanin Intel ya fitar da takarda a kan haka tun 2012. Siginar maus kuwa 'yar mitsitsiya ce, don a ririta batir. Kamar ka tsaya kana yi wa mutum raɗa ne a gindin injin niƙa, in an kashe injin ya ji ka, in an tayar shi ke nan. Shi ya sa abin ke zuwa yana tafiya. Mai kafe kuma ba ya rabuwa da filash ɗin ɗalibai, wannan ya cire wancan ya soka.
Ka mayar da ɗan kan ɗaya gefen laftof ɗin, a ramin USB 2.0 mai baƙin ciki in akwai. In babu, nemi 'yar gajeriyar igiyar ƙari ta USB ka jawo shi ya zo kusa da maus ɗin, nesa da filash. MiFi ɗin ma ka matsar da shi daga kan teburin, in yana da 5 GHz ka koma can.

Bazazzagi: Rami mai baƙin ciki! Ashe har a ramukan kwamfuta akwai Kanawa.

Alhajin Kasuwa: Kai dai bawanmu ne, ka yi shiru manya na magana. Zariya ma yaushe aka fara ganin maus? Duk abin da ke teburinka daga Kano aka ɗauko shi.

Bazazzagi: Shi ya sa yake ɗaukewa.

Maman Biyu: Ni dai nawa na Bluetooth ne, ba mai ɗan kai ba, amma ya yi mini irin wannan a ofis. Da na ɗan bar shi na ɗaga waya, in na dawo sai na yi ta jijjiga shi kafin ya farka. Mai kula mana da kwamfutoci ya ce Windows ce ke kashe shi don ta tattala caji. Ya shiga Device Manager, ya buɗe na'urar Bluetooth ɗin, ya je shafin Power Management ya cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ta. Ya ce masu ɗan kai ma akwai irin wannan a wajen USB Root Hub, da kuma wani saiti a tsarin wuta da ake kira USB selective suspend. Tun daga ranar bai sake ba. Kuma nawa mai tsada ne, a kwalinsa ya zo daga waje, don haka maganar jabu ba ta taso ba.

Lauyan Zaure: Hajiya tsada ba hujja ba ce. An fi yin jabun mai tsada ma, wa zai wahalar da kansa ya kwaikwayi abin da ba riba?

Maman Biyu: To Barista, ni dai nawa yana aiki. Kai ka taɓa riƙe wanda ya wuce na kan laftof ɗinka?

Lauyan Zaure: Wannan kuma cin fuska ne. Ni magana nake ta doka. Akwai SON mai kula da ingancin kaya, akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Mai Kafe ya ɗauki rasit ya kai ƙara.

Alhajin Kasuwa: A kan maus? Kuɗin motar da zai kashe ya saya masa uku. Kuma wa ya ce maka an ba shi rasit?

Lauyan Zaure: Ka ji ko? Ba sa ba da rasit saboda sun san abin da suke sayarwa.

Injiniya: Don Allah a bari ya amsa tambayar da na yi masa.

Lauyan Zaure: Af, tunda ana maganar jabu, kai ma ina da tambaya. Wannan "Injiniya" da ka sa a sunanka, kana da rajista da COREN? Tun 1970 aka kafa hukumar, kuma ita ke da ikon cewa wane injiniya ne. Ba duk mai riƙe da sukundireba ba.

Injiniya: Mutane ne suka sa mini, ban roƙa ba. Kai da ake ce wa Barista, wace kotu ka taɓa tsayawa?

Bazazzagi: Yau ake yinta. Jabun maus, jabun injiniya, jabun lauya.

Maman Biyu: Haba Barista, mutumin nan shi kaɗai ya faɗi abin da zai amfani mai tambaya. Laftof ɗin 'yata shi ya tashe ta bayan wasu sun ce sai dai a jefar.

Ɗan Jami'a: Duk kun bar tushen matsalar. Windows ce. Ku sa manhajar Linux a madadinta ku huta. Ni tunda na koma Ubuntu, wani nau'in Linux, ban san wani abu wai shi maus ya ɗauke ba. Kuma na tabbata Windows 10 ce a kan kwamfutarsa, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Oktoba 2025.

Injiniya: Ƙanena, hayaniyar USB 3.0 ba ruwanta da manhajar da ke kan kwamfuta, a iska abin ke faruwa. Ko me ka ɗora mata za ta yi. Daina tallafi kuma sabunta tsaro ya shafa, ba ya hana maus motsi.

Ɗan Jami'a: Ni dai ban taɓa gani ba.

Alhajin Kasuwa: Yaro, mai kafe zai sa wannan abin naka ya buga wa mutane takardu da me? Kwastoma ya zo da aikin manhajar zane ta CorelDraw ka ce masa ya jira ka yi bincike?

Ɗan Jami'a: Akwai Inkscape mai yin irin aikin, Baba, kyauta ne ma.

Alhajin Kasuwa: Kyauta! Ku kullum kyauta. Shi ya sa ba ku san darajar kaya ba.

Mai Kafe: Injiniya yi haƙuri, na fita sallah. E, ramin shuɗi ne, kuma guda biyu ne manne da juna, a ɗayan nake sa filash. MiFi ɗin yana bayan laftof ɗin. Na mayar da ɗan kan hannun dama yanzu, tun ɗazu ina bugu bai yanke ba. Amma bari in ga zuwa dare. Duk da haka ni ban janye ba, da kayan kirki ne ai da ya jure.

Alhajin Kasuwa: Tsaya tukuna, wane batir ka ce ka sa?

Mai Kafe: Na wajen mai shagon unguwa, irin na rediyo.

Alhajin Kasuwa: To ka ji! Ga inda jabun yake. Ka sa wa maus batirin tocila ka zo kana zagin 'yan kasuwa.

Injiniya: Shi ma ba jabu ba ne Alhaji. Batirin kabon-zink ne, shi da alkalin duk 1.5V aka rubuta musu, sai dai alkalin ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Masu caji kuma 1.2V ne. Raunin batir na iya kawo yankewa, gaskiya ne, amma ya ce ya canja rami abin ya tsaya, batirin kuma bai canja ba.

Lauyan Zaure: Yanzu kuma Alhaji ya yarda akwai jabu, in dai ba a layinsu ake sayar da shi ba.

Alhajin Kasuwa: Ni ban ce babu jabu a duniya ba. Na ce babu a shagona.

Bazazzagi: A turo mana hoton shagon mu tantance.

Alhajin Kasuwa: Ka zo da kanka, in ka iya tsallaka titi.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, saƙonni sun yi yawa, wasu na ƙorafin data. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, ba wanda ya kawo hujjar cewa 'yan kasuwa na sayar da jabu, don haka Mai Kafe ya ba Alhaji haƙuri, dattijo ne kuma shi ya ɗauki nauyin shan ruwan zaure a azumin bana. Na biyu, an gano cewa matsalar daga batir ne, kamar yadda Alhaji ya bayyana. Na uku, Injiniya ya yi dogon bayani, mai lokaci ya koma sama ya karanta. Ni dai a nawa ganin, duk wannan wahalar sa kai ce. Maus ɗina mai igiya ne, tun tsohuwar kwamfutata nake amfani da shi, ba batir ba ɗan kai, kuma duk mai so akwai su a wurin Alhaji. Barista da Injiniya ku same ni ta bayan fage. Na rufe zauren sai bayan isha'i.