Me ya sa LED ke ƙonewa a kan pil mai 9 V?

Ɗalibi daga Birni:
Salamu alaikum malamai da yayyena. Ina ajin turwaziyam, muna shirin BEPC. Na haɗa jar LED, ƙaramar fitilar nan ta kayan lantarki, kai tsaye da pil mai 9 V, ta yi haske sau ɗaya ta mutu. Ta biyu ma haka. Amma a lakwal muna haɗa ƙaramin ampul da pil ba tare da rezistans ba, kuma ba ya ƙonewa. Mene ne bambancin? Wane rezistans zan saya, kuma ta yaya ake lissafinsa?

Malamin fizik, Zango:
Wa alaikumus salam ɗana. Ƙaramin ampul na lakwal yana da siririyar waya a ciki, ita kanta rezistans ce, wato abin da ke yi wa kuran turjiya ya rage shi. Idan an rubuta masa 3,5 V da 0,2 A, dokar Ohm, U = R × I (U tansiyon, R rezistans, I kuran), ta ba ka 3,5 ÷ 0,2 = 17,5 Ω (om) lokacin da yake kunne. Wayar tana ƙara turjiya yayin da take zafi, don haka ita ke rage wa kanta kuran. LED ba ta da wannan hali. Da zarar tansiyon ta wuce kamar 2 V a kan ja, kuran zai ɓarke mata kamar ruwan da ya fasa madatsa, alhali ƙaramar LED ba ta so a wuce 20 mA.

Ga lissafin. Pil na ba da 9 V, LED ta ɗauki 2 V, saura 7 V da dole rezistans ya ɗauke. Ka mayar da 20 mA zuwa ampiya tukuna, 0,02 A ke nan. A nan ne yara da yawa ke faɗuwa a jarrabawa, su raba da 20 su sami amsar da ba ta da kai. 7 ÷ 0,02 = 350 Ω. Ba a cika samun 350 a kasuwa ba, sai ka hau zuwa na sama da shi, 390 Ω, kada ka sauka ƙasa. Da shi kuran zai tsaya wajen 18 mA. Zafin da zai sha 7 × 0,018, kusan 0,13 W, mai kwata na wat ya isa.

Ka sa shi a jere da LED, gaba ko baya duk ɗaya ne, domin kuran ɗaya ke bi ta cikinsu. Doguwar ƙafar LED ta nufi wajen +.

Mai gyaran rediyo, kasuwar Dole:
Malam ya gama magana a kan lissafi. Ƙanena, idan ka zo saye ka dubi zoben launi: 390 Ω shi ne ruwan goro, fari, ruwan ƙasa, sai na ruwan zinariya a ƙarshe, wanda ke nufin yana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Launin yakan rikita ido, musamman ja da ruwan ƙasa a kan tsohon kaya, gara ka auna da multimetir, na'urar awon tansiyon, kuran da rezistans. Ka auna shi a ware, babu pil, kuma kada ka danne ƙafafunsa biyu da yatsunka.

Inda ake yawan ɓarna shi ne awon kuran. Sai ka cire waya ɗaya, multimetir ya shiga cikin layin, baƙar waya a ramin da aka rubuta COM, ja a ramin mA. Wanda ya bar shi a kan mA ya ɗora shi a bakin + da bakin − na pil kamar mai auna tansiyon, ya yi wa pil gajeriyar hanya, fizibil na ciki zai tsinke nan take. Daga nan na'urar za ta ci gaba da auna V lafiya lau, amma kuran kullum sifili, mutum ya yi ta zargin LED.

Ɗalibi daga Birni:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To idan ina son LED uku fa, ko in yi amfani da batirin sola na gida?

Malamin fizik, Zango:
Jajaye uku a jere suna cin 6 V, saura 3 V, 3 ÷ 0,02 = 150 Ω. Farare kuwa kowace tana son kusan 3 V, uku sun cinye pil ɗin duka, haske zai yi rauni ko ya ƙi. Idan ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowace ka ba ta nata rezistans. In suka yi tarayya a kan guda, wadda ta fi saurin buɗe wa kuran hanya za ta kwashe kuran ta riga sauran mutuwa.

Batirin sola an rubuta masa 12 V, amma da rana yana caji yakan kai wajen 14,4 V. Da wannan za ka yi lissafi: ka cire 2 V na LED, saura 12,4 V, 12,4 ÷ 0,02 = 620 Ω, ka ɗauki 680 Ω ga jar LED ɗaya. Ka sa fizibil kusa da bakin + na batirin, domin idan wayoyi biyu suka taɓa juna siririyar waya tana iya yin ja ta kama wuta. Kuran na NIGELEC kuma, 220 V ne, kada ka kai wannan gwaji kusa da shi.