Neman Shawara: Takardun Kwastomomi Sun Cakuɗe Mini a Kwamfutar Shago

Mai shagon buga takardu, Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta a taimaka mini. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci, yau shekara huɗu ke nan. Muna buga katin biki, takardar haya, yarjejeniyar cinikin fili, furojet ɗin ɗalibai, muna kuma wanke hoton fasfo. Ni da yaron shagona duk abin da muka buga a fuskar kwamfuta muke jibge shi, har ta kai hoton Ka'aba da na sa a bango ko kusurwarsa ba a gani.

Jiya na sha kunya. Wani dattijo, abokin mahaifina ne ma, ya zo da takardar cinikin fili da muka buga masa bara, ruwa ya jiƙa ta, yana so a sake fitar masa. Na buɗe "Doc1", na buɗe "Doc1 sabo", na buɗe "Alhaji", "Alhaji 2", har da "Alhaji na gaske". Wajen minti arba'in yana zaune a benci yana jan carbi, can ya ce, "'Yata, ko in dawo gobe?" Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta.

Ga shi kuma kwamfutar ta yi nauyi. Wani mai gyara ya ce in kawo ya yi mata fomatin, wato ya goge ta ya sake loda mata Windows, komai ya dawo sabo. In bayar? Kuma yaya zan tsara kayan nan?

Mai gyaran kwamfuta, Kawo:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki bayar tukuna, ko da kyauta zai yi miki. Fuskar kwamfutar nan ita ma folda ce, kuma a cikin C take zaune, inda Windows yake. In aka yi wa C fomatin, aikinki na shekara huɗu ya tafi tare da ita. Da idona na ga wani mai shago yana share hawaye a gabana kan irin wannan.

Nauyin da kike ji ma da wuya a ce tarin fayil a fuska ne kaɗai ya kawo shi. Danna madannin Windows tare da E, ki shiga This PC, ki dubi sandar da ke ƙarƙashin C. In ta yi ja, wuri ne ya kusa ƙarewa. In ba ta yi ja ba, to galibi tsohon hadis ne (hard disk, ma'ajiyar fayilolin kwamfuta) ko ƙarancin RAM (inda take riƙe aikin da ake kan yi), kuma canza hadis ɗin zuwa SSD, sabuwar irin ma'ajiya mai sauri, ya fi fomatin magani nesa ba kusa ba. Kafin komai, kwafe duk abin da ke fuskar zuwa hadis na waje. Yau, ba gobe ba.

Tsohon akawu, Unguwar Rimi:

'Yata, ni a zamanin fayil na kwali da zare na yi aikin ofis, kuma abin da aka koya mana bai canza ba: tebur wurin aiki ne, kabad wurin ajiya. Ke kin mai da tebur kabad.

Buɗe folda guda ki sa mata suna "Shago". A cikinta ki yi na shekaru: 2023, 2024, 2025, da sauransu. Cikin kowace shekara ki yi guda biyar ko shida gwargwadon aikinki: Katin Biki, Fili da Haya, Ɗalibai, Fasfo, Wasiƙu. Ki tsaya nan. Masu yin folda cikin folda har hawa bakwai su ma ɓata suke yi, bambancin kawai nasu ɓatan cikin tsari ne.

Amma inda maganar take shi ne suna. "Alhaji" ba suna ba ne a Kaduna, rabin garin Alhaji ne. Fara da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, sannan sunan mai aikin, sannan irin aikin: 2024-08-17 Wane Wane cinikin fili Rigasa. Dalilin sa shekara a gaba shi ne kwamfuta za ta jera su da kanta daga na farko zuwa na ƙarshe. In kika fara da rana, sai 17 ga Agusta ta zauna kusa da 17 ga Janairu. Ki raba lambobin da ɗan gajeren layi, domin Windows ba ya karɓar karkataccen layi ko ɗigo biyu ko alamar tambaya a sunan fayil.

Ɗaliba, Malali:

Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, Anti: ku daidaita yadda kuke rubuta suna ke da yaronki. In ke kin rubuta Muhammad shi ya rubuta Mohammed ko Muh'd, ranar nema za ku sha wahala. Haka ƙugiya, in kin sa Ɗanladi shi ya nemi Danladi yana iya cewa babu. Ni a sunan fayil ba na sa ƙugiya sam, a cikin takardar nake sa ta.

Ga sauƙi kuma: F2 na canza suna nan take, Ctrl da Shift da N na buɗe sabuwar folda. Hotunan fasfo na mutum ɗaya ki zaɓe su duka, ki danna F2, ki rubuta sunan sau ɗaya, za su fito da lamba 1, 2, 3 a jere.

Wani daga Rigasa:

"Alhaji na gaske" ya kashe ni da dariya wallahi. Hajiya sauran Alhazan na jabu ne?

Mai sayar da kayan waya, Ahmadu Bello Way:

Duk wannan wahala ce. Ki zuba komai a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, gigabait 15 suke bayarwa kyauta, ko shagon ya ƙone, Allah ya kiyaye, kayanki na nan.

Mai gyaran kwamfuta, Kawo:

Malam, ban ƙi ta taka ba, amma da gyara. Takardun Word ba su da nauyi, za su shiga. Katin biki da aka tsara da manhajar zane ta CorelDraw da hotuna kuwa za su cinye gigabait 15 ɗin da datar Hajiya tare. Sannan akwai amana: takardar filin mutane ce, da fasfo, da lambar NIN. In imel ɗin shago a buɗe yake ga duk wanda ya zauna a kujerar, to an baje sirrin mutane a faifai. In za a sa, a sa da imel ɗin da ita kaɗai ta san mabuɗinsa.

Wani abin da mutane ke ruɗuwa a kai: a yawancin kwamfutoci C da D hadis ɗaya ne aka raba biyu. Ajiya a D na tsira daga fomatin ɗin C, amma in hadis ɗin ya mutu tare za su tafi. Kuma filashi ba ma'ajiya ba ce. Abin da aka goge daga filashi ba ya zuwa kwandon shara, haka abin da aka goge da Shift da Delete.

Malamar firamare, Badarawa:

'Yar uwa, kada ki ce za ki gyara sunan fayil na shekara huɗu a zama ɗaya, na gwada na gudu. Buɗe folda ki kira ta "Tsohon Kaya", ki kwashe duk abin da ke fuskar ki zuba ciki yadda yake. Daga yau sabon aiki ya bi sabon tsari. Tsohon kuma sai wanda mai shi ya zo nema, in kin samo ki gyara sunansa ki mai da shi gidansa. A fuskar ki bar folda ɗaya tak, "Aikin Yau", kafin a rufe shago a kwashe ta.

Takardar dattijon kuwa, shiga foldar, a akwatin nema na sama ki rubuta *.docx don takardun Word kaɗai su fito, ki jera su da Date modified, wato ranar da aka yi wa kowace gyara na ƙarshe, ki gangara watan da kike zato. Kunna Preview pane, za ki riƙa leƙa cikin kowace ba sai kin buɗe ba. Shi kuma ki tambaye shi ko kafin Sallah ne ko bayanta, tsofaffi ba sa manta irin wannan.

Mai shagon buga takardu, Tudun Wada:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira dattijon, ya ce sati biyu bayan Babbar Sallah ne, don da kuɗin ragon da bai samu ya saya ba ya cika na filin. Na bi yadda Malama ta ce, cikin minti biyar sai ga ta. Sunanta "Document (7)", ba ta ma cikin Alhazan.

Sandar C ja wur take, Injiniya. Foldar Downloads na tarar cike da finafinan da yaron nan ya sauke, mun yi magana ni da shi. Hadis na waje sai ranar Asabar in na shiga Kasuwar Gumi, yanzu dai na kwafe na Fili da Haya a filashi biyu. Wane girma zan saya, kuma yaya zan gane na jabu tun a gaban mai shagon?