Kayan mutane na jibge a ɗaki, na kasa ɗaga almakashi

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a sakaya sunana, akwai dangin mijina a gidan nan.

Ni matar aure ce, shekarata 31, yarana biyu, ina ɗinki a gida a Zariya. Abin da ke damuna har kunyar faɗarsa nake ji, don duk wanda na gaya wa sai ya ce son jiki ne. Yanzu haka akwai atamfa bakwai da leshi biyu na mutane a bayan ƙofata. Ɗaya ta ankon biki ce, saura kwana tara, kuma na karɓi rabin kuɗi. Ba iya ɗinkin ne ban yi ba, riga da siket ba sa cin mini wuni. Amma da safe in yara sun tafi makaranta sai in shimfiɗa atamfar a tabarma, in ɗauko tef da alli, in zauna ina kallonta. Sai in ce bari in wanke kwanuka tukuna. In je in tarar omo ya ƙare. Kafin in samu yaron aike na zauna bakin gado da waya. Wallahi ba daɗin wayar nake ji ba, ƙirjina bugawa yake, hankalina na kan atamfar. Sai dai in ji kiran azahar.

In na ga sunan kwastoma yana kira, gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe, in kife wayar. Mai ankon ta turo saƙon murya, yau kwana huɗu ban saurara ba. Abin da ke ɗaure mini kai, daren jajiberin sallah na kan ɗinka kala biyar ban runtsa ba. Tun ina makaranta haka nake, sai daren jarabawa nake buɗe littafi. Maigida ya gaji da magana. Me ke damuna, kuma yaya zan yi da kayan nan?

Maman Khalil:
Baiwar Allah, gaskiya ɗaci gare ta. Waya ce matsalarki. Ba maigida ya tafi da ita kasuwa ki gani in ba ki yi aiki ba. Iyayenmu da suka yi daka da surfe ba su san wannan ba.

Hajiya Babba:
'Yata, kada ki yi wasa da azkar na safe da yamma. Mai sana'a ba ta rasa 'yan baƙin ciki, akwai kambun baka. A samu malami na ƙwarai ya yi miki ruƙya.

Anti Nas:
Maman Khalil, ki sake karanta abin da ta rubuta. Malalaciya tana jin daɗin hutunta, ta miƙe ƙafa ta yi barcinta. Wannan zaune take ƙirji na bugawa, ba hutu ba aiki. In an karɓe wayar, bango za ta zauna tana kallo.

Ƙanwata, ba zan ce miki ga ciwonki ta waya ba, wannan aikin likita ne. Amma abin da kika kwatanta sananne ne. Akwai sashe a gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi, da ke tsara aiki: wanne za a fara, yaya za a fara, me za a bari sai anjima. In ya yi rauni, mutum ya san abin da zai yi, yana so ya yi, amma tsakanin niyya da miƙa hannu sai ya tsaya cak. Ana ganinsa a masu lalurar ADHD, wato wahalar tattara hankali wuri ɗaya, wadda ke farawa tun yarinta, ana ganinsa a masu ciwon damuwa da masu ciwon fargaba, rashin barci ma kan jawo shi. Maganar jajiberin sallah da kika yi ta sa na ɗaga kai, don irin wannan ƙwaƙwalwar sau da yawa sai wuta ta zo bakin zane take tashi.

Ita kuma fargaba zagaye take yi. Kin ƙi ɗaga waya, kin ji sauƙi na minti biyar, jiki ya koyi cewa gudu ne magani, gobe tsoron ya ninka. Ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ke da ciwon fargaba a 2019, kuma mata sun fi yawa.

Ki fara da gwajin jini, don ƙarancin jini da matsalar tayirod (wani ƙulli ne a gaban wuya) duk suna kawo bugun ƙirji da kasala. Daga nan ki nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika tunda kusa kike, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Akwai magani, akwai kuma zama da ƙwararre a koya miki fuskantar abin tsoro kaɗan-kaɗan. Roƙona ɗaya: kada ki je kemis a ba ki Valium, ƙwayar kwantar da hankali, ko ƙwayar barci. Saurin kama jiki gare su. In kina yawan shan kofi ko lemon ƙara kuzari, ki rage, suna ƙara bugun zuciya.

Maman Khalil:
Barnawa kuma? Kan atamfa za a kai ta asibitin mahaukata, dangin miji su ji?

Anti Nas:
Irin wannan maganar ce ke sa mutane su shekara goma a ɗaki suna cin kansu. Ko dokar ƙasa ta bar wannan suna. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye ta 1958. Ki je ki ga masu bin layi: malaman makaranta, 'yan kasuwa, masu jego.

Malam Abu Sumayya:
Hajiya Babba ta yi gaskiya kan azkar, amma kada a ɗora wa kowa zargi ba hujja, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. 'Yar'uwa, riƙe wadda Anas ya ruwaito a cikin Bukhari: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal. Ki lura an ambaci ajzu daban, kasala daban. Ɗaya gazawa ce, ɗaya ƙin yi ne alhali da iko. Kada ki yanke wa kanki hukuncin ta biyu tun ba ki bincika ta farko ba.

Ɗan Sakkwato:
Yaya, ni namiji ne amma kamar labarina kika ba da. Na yi wata takwas da fom ɗin aiki a jaka, cikawar minti ashirin. Abin da ya taimake ni, na daina ce wa kaina "yau zan gama". Gamawa dutse ce. Cewa nake zan yi minti goma, in sa agogon waya, in ya buga ina da izinin tashi. Galibi ba na tashi. Akwai masu yin minti 25 su huta 5, ni ya yi mini yawa da farko. Na biyu, ba na iya aiki ni kaɗai. In abokina na zaune a gefe yana harkarsa, ko bai ce uffan ba, sai hannuna ya motsa. Har yau ina fama, ranar da ban yi barci ba komai rushewa yake.

Inna Mai Keke:
'Yata, shekarata talatin a kan keke, bar ni da maganar kayan. Takwas cikin taran nan duk ki kwashe su daga idonki, ki kai ɗakin yara, ki bar ta ankon kaɗai. Tsibin kaya shi ke kashe gwiwa. Yau kada ki ɗinka komai. Ki goge atamfar, ki duba littafin awo, ki zana da alli, shi ke nan. Gobe yanka. Ni na san yankan ne abin tsoro, don almakashi ba ya komawa baya, kuma kayan mutane ne. In ya gagara, kai wa wata tela ta yanka miki ki biya ta, ba abin kunya ba ne, shaguna ma da mai yanka da mai haɗawa suke aiki.

Saƙon kuwa, ba ƙanwarki ta saurara ta gaya miki abin da ke ciki. Sannan ki rubuta layi ɗaya: "Hajiya, yi haƙuri, ranar Laraba in sha Allah." Kwastoma tana haƙuri da jinkiri, shiru ne ba ta yafewa. Leshi biyun nan in kin san ba za su samu ba, mayar wa masu su da kuɗinsu tun da sauran mutunci. Kuma kada ki karɓi sabon aiki, ko na uwar miji ne.

Mai tambaya, ta hannun admin:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Inna, na bi maganarki. Maƙwabciyata ta shigo da tsintar shinkafarta ta zauna, na zana, kafin in ankara har na yanke rigar. Ita ta saurari saƙon. Ashe cewa matar ta yi a ƙara tsawon hannu da inci biyu, ba faɗa ba komai. Kwana huɗu ina rasa barci kan inci biyu! Allah ya sa na bar rara a hannun. Sauran takwas na nan, kuma yau da safe na sake zama bakin gado har sha ɗaya. Anti Nas, na gaya wa maigida maganar Shika, ya yi shiru ya ce sai ya yi tunani. In na samu zuwa, ta ina zan fara yi wa likitan bayani?

Anti Nas:
Abin da kika rubuta a sama, shi za ki buɗe ki miƙa masa ya karanta. Kada ki manta da maganar daren jarabawa.