An ce a huda wa ɗana maƙogwaro, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona wata 7. Haihuwarsa lafiya lau, ni na haihu da kaina, har an fara shirin suna, surukata ma ta taso daga ƙauye da kayan ƙauri. Kwana na uku yana barci leɓensa ya yi baƙi. Idonsa biyu garau yake, da barci ya ɗauke shi sai numfashin ya yi ƙasa. An aika jininsa waje, aka ce matsalar ƙwayar halitta ce, mai suna PHOX2B, ciwon kuma ana kiransa CCHS, wato raunin numfashi da ake haihuwar yaro da shi. Likita na so a huda maƙogwaronsa a haɗa shi da na'urar numfashi. Surukata ta ce ba da jikanta ba. Na sayi injin oksijin, abin auna oksijin na yatsa na nuna kashi 97 duk dare. Wannan bai isa ba?

Anti Nas: Ƙanwata, bai isa ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Abin da ke tunzura mu mu ja numfashi shi ne taruwar kabon dayoksaid, wato gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa, a jini, ƙasan ƙwaƙwalwa ke jin ta. Ɗanki wannan jin ne ya yi rauni. Oksijin zai gyara lambar yatsa, ita kuwa gurɓatacciyar iskar tana ta taruwa, shi ko mutsu-mutsu ba zai yi ba. Ma'auninta na lafiya 35 zuwa 45 ne. Kin taɓa auna tasa yana barci?

Wani uba: Na'urar da wace wuta? Mu unguwarmu kwana 9 ba mu ga ƙyallinta ba, batirin solata ya mutu, mai gyaran ya cinye kuɗina ya kashe waya.

Hajiya Babba: 'Yata, a haɗa da tofi da ruƙiyya. Kada ki saɓa wa uwar mijinki, nawa auren a kan irin haka ya tashi.

Anti Nas: Hajiya, a yi addu'a, amma na'urar dole ce. Akwai ta rufe hanci, sai dai jarirai an fi yi musu hudar. Kuma a duba bugun zuciyarsa da hanjinsa, ciwon na zuwa da cutar Hirschsprung, mai hana bayan gida wucewa ta hanji, wani lokaci. Kada a ba shi maganin sa barci ko na tari mai sa gyangyaɗi.

Mai tambaya: Anti, ni fa ba sakaci nake ba. Wata 7 ban yi barcin dare ba, ina zaune kansa, da na ga ya yi shiru sai in taɓa shi. Sarƙata na sayar na sayi injin nan.

Anti Nas: Ranar da barci ya sace ki fa? Mahaifinsa me ya ce?

Mai tambaya: Ya ce sai abin da Hajiyarsa ta ce. Likita kuma Litinin yake jiran amsa.