Ku taimaka, mi za mu kira spectrum da Hausa?

Aliyu: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarhe huɗu nike da shiri a rediyo kan yadda NCC, hukumar da ke kula da sadarwa a Nijeriya, ke sa ranar saida spectrum, wato hanyoyin da saƙon waya da na rediyo ke bi cikin iska, da wahalar da ƙananan kamfanonin waya ke sha in an sa rana kusa ba su gama haɗa kuɗi ba. Kalma biyu sunka tsaida ni, spectrum da auction. Masu saurarena mutanen Gwadabawa ne da Illela da Tangaza, in na hwaɗi da Turanci babu wanda zai bi ni.

Hajiya Luba: Wa alaikumussalam. Auction ai gwanjo ne, wannan ba gardama. Ɗayan kuwa ka ce zango, tun muna yara muke jin gajeren zango da matsakaicin zango a rediyo, kunnen mutane ya saba. Gwanjon zangon sadarwa, shi ke nan.

Nasiru: Hajiya ki yi haƙuri, kina cewa gwanjo hankalin mutum zai tahi ga kayan sawa na Tsohuwar Kasuwa, alhali abin ga sabo ne ful kuma tsada gare shi. A Disamban 2021 da anka yi na 5G a Abuja, daga dala miliyan 197.4 anka buɗe taya, MTN da wani sabon kamfani Mafab sunka ɗauka kowa a kan miliyan 273.6, Airtel ta janye. Ni da an ce gasar taya.

Malam Sidi: Duk kun bar hanya. Sunanshi burtalin iska. Hukuma ke shata shi, kowane kamfani da nashi hilin da zai bi, in ka ƙetara cikin na wani an yi ɓarna, magana ta haɗe da magana. Kuma ku lura ba saye ba ne, haya ce ta shekara 10. Duk manomi da makiyayi da ke ƙasar ga ya san burtali, ba sai an yi mai dogon bayani ba. Na daɗe ina koya ma ɗalibaina haka.

Umaru: Allah shi gafarta Malam, ma'anar ta zauna, amma kalmar iska nike tsoro, a bakin mutane iska na da wata fassara, wani zai ji kamar zancen banza ake ko na aljannu. Ni aikin sabis nike yi, tsakaninmu sifektiram muke cewa, kuma na sha jin haka a tashoshin Kano.

Malam Sidi: To sai mi in Kano sun hwaɗi? Wannan shi ne ciwon da ke damunmu, komi sai mun jira ya hito daga Kano ko Kaduna sannan mu ce Hausa ce. Garin ga na Sakkwato an yi rubutun ajami da waƙoƙin wa'azi cikin Hausa tun Bature bai zo ba, yanzu a ce ba mu iya raɗa ma abu guda suna sai mun lanƙwasa Turanci? Sifektiram ba kalma ba ce, ragwanci ne.

Hajiya Luba: Malam, burtalin ma ai daga Fulatanci munka aro shi, kuma rediyon da Aliyu zai yi magana ciki ba kakanninmu sunka raɗa mai suna ba. Aro ba abin kunya ba ne.

Malam Sidi: Aro daga maƙwabci daban, Hajiya.

Nasiru: Kananci dai shi ke cikin littattafan makaranta, ko muna so ko ba mu so.

Aliyu: Don Allah iyayena a dawo kan magana, dare na yi. Abin da ke ci mani rai shi ne mutane su gane dalilin da ya sa sa rana ke da muhimmanci. Babban kamfani na iya tada dala cikin ɗan lokaci, Airtel da ta janye ta dawo bayan shekara guda ta biya miliyan 316.7. Ƙarami kuwa sai ya bi bankuna, ya aje kuɗin kafin alƙalami tun ba a fara taya ba, in ya ci kuma ga wa'adin biya ga na kafa turaku. Mafab da ta ci sai da ta nemi ƙarin lokaci, sai Janairun 2023 ta ƙaddamar da 5G ɗinta. In ƙanana sunka kasa shiga, mu na ƙauyukan bakin iyaka mu ke zama ba sabis.

Umaru: To ka ɗauki na Hajiya, gwanjon zangon sadarwa, sai karon farko ka bayyana shi da burtalin Malam. Reserve price kuma ka ce kuɗin buɗe taya.

Aliyu: Na ɗauka, na gode. Malam a yi mani afuwa.

Malam Sidi: Ka yi shirinka, Allah shi ba da sa'a. Amma zango inda ayari ke sauka ne, ban yarda ya dace ba, kuma in ka ambaci burtalin ka hwaɗe shi cikakke, da iskarshi.