Wai alƙali zai cire ɗa daga gado saboda gwajin DNA? Muhawara kan ƙarshen littafin wannan watan

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, wanda bai gama littafin ba ya tsallake dan zan faɗi ƙarshensa. Ni dai gaskiya ƙarshen ya ɓata min littafin kuma ina nan a kan bakana. Tun farko marubuciyar ta riƙe ni, Alhaji babban ɗan kasuwar shadda da atamfa a Kantin Kwari ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya, ranar sadakar bakwai sai ga saurayi daga Maraɗi wai shi ma ɗansa ne, ba a jima ba aka tsinci gawar tsohon direban gidan wanda shi kaɗai ya san inda Alhaji yake zuwa in ya ce ya tafi Katsina. Duk wannan ba ni da ja. Amma a ce Auta ta ja kowa gwajin DNA, takarda ta nuna ɗan Maraɗi jinin gidan ne Babban Yaya kuma ba jinin gidan ba, alƙalin kotun Musulunci ya duba takardar ya cire Babban Yaya daga gado a zama ɗaya? Mutumin da Hajiya Babba ta haifa a ɗakinta da aurenta, Alhaji ya yanka masa rago, ya yi masa aure, shekara arba'in yana kiransa ɗansa har ya koma ga Allah? Babu alƙalin da zai yi haka a Kano.

Fati Zariya: Wa alaikumus salam. Haba Maman Ilham labari ne fa, ba Risala ta ce za ta koyar da mu ba. Ni wallahi rabona da littafin da ya hana ni bacci irin wannan na daɗe, ku duba yadda ta ɓoye alamu tun farko, kowace sallah Alhaji yana yanko shaddar samari da ƙarin guda ɗaya ba wanda ya san ta waye, ga sefa da aka gani a aljihun direba, ga Baffa da ya dage a raba gado kafin arba'in. Kuma ko sau ɗaya ba ta kai mu wurin boka ba, da hankali Auta ta gano cewa Baffa ne ya sa aka kashe direban. Marubutanmu nawa ne suke iya wannan?

Abban Nana: Hajiya Fati ba wanda ya ce ba ta iya tsara labari ba, amma maganar Maman Ilham tana kan hanya. Irin wannan shari'ar an kawo wa Annabi (SAW) ita a shekarar da aka buɗe Makka, tana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya ce yaron da baiwar Zam'a ta haifa ɗan ɗan'uwansa Utba ne, Abdu bin Zam'a ya ce a'a ƙanina ne a shimfiɗar babana aka haife shi. Annabi ya dubi yaron ya ga kama ƙarara da Utba, duk da haka ya bai wa Abdu shi, ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, sannan ya ce wa Nana Saudatu 'yar Zam'a ta riƙa sa hijabi a gabansa. To kin ga alamar jini ta bayyana amma hukunci bai bi ta ba. A littafin nan ita da kanta marubuciyar ta rubuta cewa shekara biyu da aure aka haifi Babban Yaya, alhali wata shida bayan tarewa ma ya isa a jingina ɗa ga miji.

Oum Sudais: Malam ni fa nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Yanzu a bar wanda aka tabbatar ba jinin Alhaji ba ne ya kwashi ninki biyu na abin da Auta za ta samu, ita da take 'yarsa ta cikinsa? Kuma ku tuna irin wulaƙancin da Babban Yayan nan ya yi wa yaron Maraɗi, ya sa masu gadi suka fitar da shi gaban 'yan gaisuwa yana kiransa shege, ni lokacin da takardar ta fito ta juyo kansa wallahi sai da na ji sanyi a raina.

Anty Lauya: Oum Sudais wannan sanyin da kika ji shi marubuciyar take nema, ta kuma samu, amma da me ta saye shi? Hanya ɗaya ce miji yake kore ɗan da aka haifa masa a aure, li'ani, yana cikin Suratun Nur aya ta 6 zuwa ta 9, ya rantse sau huɗu na biyar ya kira wa kansa tsinuwa in ƙarya yake, ita ma ta yi nata. Kuma a Malikiyya da kotunanmu suke bi in ya san da cikin ko haihuwar ya yi shiru ba uzuri to damar ta wuce. Alhaji ya yi shiru shekara arba'in ya mutu, magada ba su da hurumin yin li'ani a madadinsa. Ba wai malamai ba su san DNA ba ne, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a watan Janairun 2002 a kan wannan, ta yarda a yi amfani da shi a inda aka yi musayar jarirai a asibiti ko yara suka ɓace a yaƙi ko hatsari ko ana jayayya kan wanda ba a san nasabarsa ba, amma ta hana a kore nasabar da ta tabbata da shi, ta hana a gabatar da shi a kan li'ani. Da a ce ta rubuta cewa musanya shi aka yi a asibiti da sai mu zauna mu tattauna, amma ta ce Hajiya Babba ce ta haife shi. Ko da wani alƙali ya yi wannan hukuncin, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a za ta rushe shi.

Fati Zariya: Anty na ji, amma ina tsoron irin wannan maganar. Haka aka yi ta cewa littattafan Hausa suna ɓata tarbiyya har a 2007 hukumar gyaran tarbiyya ta A Daidaita Sahu ta tara su ta ƙona a Kano. In kowace marubuciya sai ta kai rubutunta gaban malami da lauya kafin ta saki ai ba mai sake rubuta komai sai soyayyar Yaya da ƙanwa.

Maman Ilham: Fati ba wanda ya ce a ƙona ko a hana, ni da kuɗina na saya kuma zan sayi na gaba. Abin da yake damuna mata dubbai ne suke karanta littattafan nan a waya, da yawa abin da suka gani a labari shi suke ɗauka hukunci, gobe uba ya mutu kishiya ta ce a kai 'ya'yan wance gwaji ai haka aka yi a littafi, kin san me wannan kalmar take nufi a kan uwar yaran? Ƙazafi ne, bulala tamanin in ba shaidu huɗu. Gidan masu kuɗi dama a rabon gado ake tonon silili, ita kuma ta miƙa musu sabon makami. Kuma wanda ya zaɓi ya rubuta labarin bincike ai shi ya ɗora wa kansa sanin yadda kotu take aiki, tunda ta iya binciko hanyar Jibiya da Ɗan Isa har Maraɗi daidai me zai hana ta tambayi alƙali ɗaya?

Ɗiyar Maraɗi: Ni abin da ya ƙona mini rai daban ne. Kowa na maganar Babban Yaya, wa ya yi maganar Alhaji? Mutum ya zo garinmu ya auri ɗiyar talakawa, ya ce ma waliyyi da shaidu su rufe bakinsu kar Kano ta ji, yaro ya tashi yana ganin ubansa sau biyu a shekara, sannan littafi ya ƙare an wanke shi tas ana ta Allah ya jiƙan bawan Allah mai gina masallatai, Hajiya Babba ita ɗaya anka bari da ciwon ɓarin jiki da kunya. Irin wannan auren muna ganinsa wurin fatake masu zuwa da komawa, ba ƙirƙira ba ce, kuma kullum matar da ɗiyanta ke shan wahala ranar da anka ce mai gida ya rasu.

Abban Nana: Gaskiya ne, kuma auren da aka ce wa shaidu su ɓoye shi Malikiyya ba su yarda da shi ba, raba shi ake yi in an gano da wuri, amma ɗan da aka haifa a ciki na uban ne yana gado. Shi ya sa yaron Maraɗi ma bai buƙaci DNA ba, limamin da ya ɗaura auren yana raye a labarin, shaidu biyu adalai sun wadatar.

Fati Zariya: To in an cire gwajin ina abin mamakin ƙarshe? Ai shi ne ƙashin bayan labarin.

Maman Ilham: Kar ta cire shi. Auta ta yi gwajin a ɓoye ta ga sakamako, ta kai wa alƙali ya ƙi karɓa, ya ce yayanki ne har abada. Ta dawo gida da takarda a jaka, ta san abin da uwarta ta yi, ta san yayan da ya goya ta ba jinin babanta ba ne kuma zai ɗauki kasonsa cikakke, sai ta zaɓa ko ta faɗa ko ta haɗiye. Ni wannan zai fi girgiza ni a kan alƙalin da ya buga tebur.

Oum Sudais: Hukuncin na karɓa tunda hadisi ne, amma har yanzu ina jin haushin a ce Babban Yaya ya tashi ba abin da ya same shi bayan abin da ya yi wa yaron nan gaban mutane.

Ɗiyar Maraɗi: Malam tambaya, uwar yaron hwa? Tana raye kuma Alhaji bai sake ta ba har ya rasu, mi za ta samu?

Abban Nana: In auren ya daɗe haka har da ɗa saurayi ba a raba shi, matarsa ce, takaba ta hau kanta wata huɗu da kwana goma, kuma tumunin, wato ɗaya bisa takwas na dukiyar, da matan Kano uku za su raba sai a kasa shi huɗu da ita. Na koma babin rabon gadon na duba, an lissafa gidajen Nasarawa da shagunan Kwari da gonar hanyar Zariya, ko sunanta ba a ambata ba.